Hausa Biyu a Bakin Direba

Ni mutum ne mai kunne, kuma ba yabon kai nake yi ba. Ina tsaye da kayan gadi a ƙofar wani gini a Lusail ta ƙasar Qatar, Bahaushe zai zo wucewa ya ce mini "sannu da aiki" kawai, in gaya masa garinsu. Basakkwace, Bakatsine, Bazazzagi, ɗan Jos mai kwaikwayon Kanawa, duk ba sa ɓace mini. 'Yan zangon Gana kuwa tun kafin su rufe baki na gama da su. Shi ya sa abin da direba ya yi mini ya tsaya mini a rai har yau, domin ba baƙo ba ne. Abokin ɗakina ne, kuma shi na yi wa alkawarin auren ƙanwata.

A Mu'aither muke zaune, ɗakin kamfani, gadaje masu hawa biyu, shi a ƙasa ni a sama. Motar ma'aikata yake ja. Da korona ta shigo aka kulle mu, babu fita sai da dalili, a nan na san shi sosai. Mutumin da kuka zauna a kulle, kuna shaƙar numfashin juna, kuna faɗa a kan wanda ya ƙarar da gishiri, ai sai ka ce ka san shi. Ba shi da hayaniya. Shi ke tuƙa mana tuwo a kan ɗan rishon lantarki, ya kaɗa miya da kukar da ya taho da ita tun daga gida. In gardama ta kaure a kan ƙwallo ko siyasa, ni ne mai ɗaga murya, shi kuwa sai ya ce, "A yi haƙuri dai, jama'a, maƙwabta na ji." Hausarsa Kananci ne tsantsa, irin na cikin gari, wanda ni kaina da na tashi a Kurna nake ɗan jin kishinsa.

A ɗakin da ke kallon namu akwai 'yan Kumasi da Akra. Mutanen kirki ne, amma Hausarsu ba ta barina in zauna lafiya. Su ce "matana ya zo," in ce wane ƙato ne ya zo? Su rama da cewa mu 'yan Najeriya muna magana kamar muna haɗiyar tuwo da zafi. Haka muke tsokanar juna a bakin famfo, a yi dariya a watse. Direba bai taɓa sa baki a wannan wasa ba. Da an fara sai ya ɗauki butarsa ya wuce, ni kuma na ɗauka kamun kai ne irin nasa.

Ƙanwata bazawara ce. Mijinta ya rasu dab da shigowar cutar, ya bar ta da yara biyu, tana koyarwa a firamare tana kuma ɗinki a gida. Takan kira ni ta bidiyo. Wata rana direba ya gifta ta bayana da tukunya a hannu, suka gaisa, shi ke nan fa. Gaisuwa ta zama "yaya yara," daga nan ya karɓi lamba da izinina, har ranar da ya same ni bayan la'asar, ya zauna a ƙasa kamar ba shi ne ya girme ni ba, ya faɗi abin da ke ransa. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Yarinyar da ta daina dariya tun rasuwar mijinta, sai ga ta tana dariya har tana rufe baki da mayafi.

Na kira Baffa, ƙanin mahaifinmu, wanda shi ne waliyyinta. Tambayarsa ɗaya ce: "Ka yi bincike?" Na ce, "Haba Baffa, mutumin da muke kwana ɗaki ɗaya? Bakano ne gaba da baya, na ji bakinsa. Ubansa ɗan kasuwar goro ne, ya rasu." Baffa ya tura mutum gidansu, aka sami 'yan ubansa, suka ce i, nasu ne. Da aka tambayi uwa suka ce ai ta daɗe ba ta gidan, kowa ya ɗauka rasuwa ake nufi, aka yi mata addu'a. Baffa ya ce, "To, a kan maganarka na bayar." Aka tsayar da cewa sai bayan gasar ƙwallon duniya, saboda kamfani ya ce babu mai tafiya hutu kafin a gama.

Ana cikin zafin nan na Doha da ke sa mutum ya tsani rigar jikinsa, watanni kaɗan kafin gasar, da safe direba yana shan shayi sai kofin ya suɓuce masa. Na leƙo daga saman gado zan yi masa tsiya, sai na ga bakinsa ya karkace, hannunsa na dama yana reto. Motar asibiti ta zo ta ɗauke shi. Shanyewar ɓarin jiki ce. Kwanakin farko ko uffan bai iya cewa ba, sai ido. Ni ke zuwa duba shi in na tashi aiki, da takunkumi a fuska, in nuna wa masu ƙofa wayata su ga manhajar korona ta yi kore kafin su bar ni in shiga. Ƙanwata ta ce ko a keken guragu zai dawo, ita tana nan a kan bakanta.

Ranar da maganarsa ta buɗe, na shigo da kunu a fulas. Ya dube ni ya ce, "Ka zo? Matan nan ya ba ni magani, akwai daci. Ba ni ruwa, wuyana ya bushe."

Wallahi sai da na waiga. Na ɗaga labulen gadon da ke kusa in ga ko an kwantar da wani ɗan Gana, sai na tarar da wani tsohon Ba'indiye yana barci. Na dawo na ce, "Me ka ce?" Ya maimaita, ya ƙara da wasu kalmomi na yaren Asante da ban ma san su ba. Babu sauran Kano a ciki ko ƙanƙani. Nauyin harshe na ciwo yana nan, amma a ƙarƙashinsa Hausar zango ce cikakkiya, da tashinta da saukarta, irin wadda nake yi wa dariya a bakin famfo. Na ba shi ruwan.

Asibitin sun haɗa shi da wata likitar magana, baturiya 'yar ƙasar Norway, doguwa, mai saurin dariya. Ba ta jin Hausa, shi kuma Turancinsa da Larabcinsa na aiki sun gudu tare da Kanancin, sai yalla da khalas, wato "mu je" da "an gama," kawai suka rage, don haka ta roƙe ni in riƙa zama ina fassara. Takan nuna masa hotuna ya faɗi abin da ya gani, ko ta sa ya ba da labari, tana ɗaukar muryarsa a wata 'yar na'ura. Ni tun farko na'urar ba ta kwanta mini ba. Na tambaye ta ina take kai muryar, wa zai ji, ko kamfaninmu ne ya sa ta? Ta ce a'a, don ta gwada maganar yau da ta makon jiya ne. Na ce to, amma ban daina hararar na'urar ba.

Ta tambaye ni, "Abin da yake faɗi, a karye yake? Yana tsallake kalmomi, ko yana sa su inda ba wurinsu ba?"

Na so in ce i, don a kunnen Bakano haka yake. Amma ba na ƙarya a kan abin da na ji. Na ce, "Ba a karye yake ba. Wata Hausar ce daban, ta wata ƙasa, kuma yana yin ta daidai, ko 'yan can ba su fi shi ba."

Sai matar nan ta tafa hannu don murna! Ta ja kujera ta shiga ba ni labarin ƙasarsu. Wai a can kusan kowane kwari da kowace gaɓar ruwa da nasu karin harshen. Yare ɗaya ne, amma tsarin magana yakan bambanta, abin da yake daidai a ƙauyensu in aka shiga birni sai a ce kuskure ne. Ita kanta baki biyu gare ta, na ƙauyen uwarta da na birnin da ta yi karatu, kuma in ta gaji ko ta fusata na ƙauyen ne ke fitowa ba tare da ta kira shi ba. Ta ce akwai masana a can da ke sa wa irinsu wata hula mai wayoyi a ka, a karanta musu jimla, a ga yadda ƙwaƙwalwa ke amsawa in jimlar ta yi daidai a baki ɗaya ta saɓa wa ɗayan. So suke su gane ko ƙwaƙwalwa wuri ɗaya take ajiye su, ko kowanne da ma'ajinsa. Na ce sun gane? Ta ce da saura. Abin da kawai za ta iya ce mini shi ne, ciwo yana iya sauya wa mutum sautin magana, amma ba ya koya masa kalmomin da bai taɓa sani ba. In yana yin wannan Hausar daidai, to ya daɗe da ita, wataƙila tun yana ƙarami.

Ita tana murna, ni ina tafasa. A zatonta ta kwantar mini da hankali, ba ta san ta tabbatar mini da abin da nake tsoro ba. Mutum ya zauna da ni shekaru, 'yan Gana ƙofa da ƙofa da mu, bai taɓa bari kalma ɗaya ta zame masa ba? Wannan ba mantuwa ba ce, ɓoyo ne, kuma mai irin wannan ɓoyon ba ƙaramin gwani ba ne. A motar komawa gida na yi ta saƙe-saƙe. Ko fasfo ɗin nasa na saye ne? Ko wani laifi ya yi a can ya gudo? Abin da ya fi ci mini rai, ko yana da iyali a Kumasi, ga shi zan ɗauki ƙanwata da marayunta in miƙa masa?

Na tambaye shi kai tsaye, don ni ban iya kwana-kwana ba. Na ce, "Malam, tsakaninka da Allah, kai ɗan ina ne?" Ya ce, "Kano." Na ce, "To wannan bakin fa, a kasuwar Kurmi ka sayo shi?" Ya juya fuskarsa bango. Na ga hawaye na bin gefen idonsa, amma ni a lokacin hawaye ba amsa ba ne a wurina.

Daga nan na zama ɗan sanda. Na lura in sauran 'yan ɗakinmu suka zo gaishe shi sai ya yi gum, ya riƙa ɗaga kai kawai, su fita suna cewa Allah sarki, maganar ba ta dawo ba. Na lura Kanancin ya fara dawowa kaɗan-kaɗan, amma sai ya shirya, ya tattaro shi kamar mai ɗaukar buhu, kuma da ya gaji sai ya zube ya koma ɗayan. Wata rana na iso ba a lokacin da na saba ba, na tsaya a bayan ƙofa, na ji shi da wani ɗan Gana mai goge-goge a asibitin suna hira. Dariya yake yi da rabin bakinsa, magana na zuba ba gargada. Ina shiga ya yi ɗif. Kai, ranar raina ya ɓaci! Na ajiye masa ayaba na fita, ko zama ban yi ba.

Ƙanwata kuwa kullum sai ta ce a ba shi waya su gaisa. Na ce a dakata tukuna sai ya ƙara samun ƙarfi. Ban ga dalilin da zan bari ta ƙara zurfi da mutumin da ni kaina ban san ko wane ne ba, kuma ban ga dalilin ɗaga mata hankali da abin da ban tabbatar ba. Baffa a kan maganata ya bayar, saboda haka ni ne zan sake binciken nan daga tushe.

A ƙofar da nake gadi akwai wani ɗan Kumasi, ɗaya daga cikin abokan tsokanata. Na same shi lokacin cin abinci, na ce ina da magana. Ya ce, "A'a, yau malamin Hausa ne a wurin dalibi?" Na ce ya rufe mini baki ya saurara. Na kunna masa muryar direba da na ɗauka a wayata ranar da likita ta sa shi ya ba da labarin gidan da ya fara sani. A ciki yana maganar wani gida kusa da layin dogo, da mangwaro a tsakar gida, da wata mata da yake kira Mma, mai sayar da koko da ƙosai da safe.

Ɗan Kumasi ya ajiye cokali, ya sa na sake kunnawa. Ya ce wannan ɗan zangonsu ne babu tantama, amma abin ya ɗaure masa kai. Hausar tsofaffi ce, irin ta kakarsa, matasan yanzu ba sa yin ta haka. Kuma maganar yara ce, yadda yake kiran abinci da yadda yake roƙon ruwa, ƙaramin yaro ne ke magana da muryar babban mutum. Na ce, "Ni ba wannan na tambaye ka ba. Yana da mata a can ko ba shi da ita?" Ya ce zai tura wa gwaggonsa, wadda babu gidan suna ko na biki da ba ta shiga a zangon, in ko akuya ya bari a can za ta tono ta.

Ana haka gasar ta fara, Lusail ta cika ta batse. Tsayuwa muke yi har ƙafa ta daina jin takalmi, muna nuna wa baƙi hanyar jirgin ƙasa, kowa da tutarsa da fentinsa a fuska. An sallami direba daga asibiti, ya dawo ɗaki yana jan ƙafa da sanda, yini yake shi kaɗai yana jin ihun unguwa ta taga. Ina kawo masa abinci, ina sa masa maɓallin riga, amma hira ta mutu tsakaninmu. Baffa ya kira ya ce lokaci ya matso, a fara shiri. Na ce ya ɗan saurara mini. Ya ce, "Lafiya dai?" Na ce lafiya lau, aiki ne ya yi yawa.

Ranar da amsa ta zo, 'yan Gana suna ta wucewa ta gabanmu da ganguna, ƙungiyarsu za ta buga wasa. Ɗan Kumasi ya ja ni bayan wani shinge, ya manna mini waya a kunne, na toshe ɗayan da yatsa. Muryar tsohuwa ce, siririya, tana hutawa tsakanin magana. Ta yi sallama, ta gaishe ni da aiki, sannan ta ce, "An ce wani na tambayan yarona. Ni ne uwansa. Ubansa ya tafi da shi Kano, ya ce bayan salla zai dawo da shi. Ba shi da mata a nan, ba shi da komi a nan, sai ni. In aure ne ku ba shi, yaro ne mai hankali. Ku ce masa ya ci abinci."

Ɗan Kumasi yana share ido da hularsa. Ni kuwa na ce masa tsohuwa ai ko'ina akwai, wa ya san ko shirya ta aka yi? Ya dube ni ya ce, "Kai dai Allah ya shirye ka." Nan take ya kira gwaggon tasa ta bidiyo, aka juya wayar ga mai muryar. Tsohuwar tana zaune a kan benci, ido ɗaya ya yi fari. Ban buƙaci bayani ba. Goshin direba ne, da haɓarsa, har yadda take kwantar da kai gefe in tana sauraro. Na ce, "Mama, yana nan lafiya, yana cin abinci." Abin da ya zo bakina ke nan.

Washegari ina hutu. Bayan azahar, da ɗakin ya rage mu biyu, na zauna a bakin gadonsa na kunna masa ba tare da na ce komai ba. Tun a sallama ya gane. Sandarsa ta faɗi, ya fizgi wayar da hannun da ke aiki ya danna ta a ƙirji, ya yi wani irin kuka da ban taɓa jin babban mutum ya yi ba. Na tashi na rufe ƙofa don kada a shigo a gan shi haka.

Da ya lafa ya ba ni labarin, rabi da wannan Hausar rabi da waccan, ya daina zaɓa. Yana ɗan yaro uban ya kawo shi Kano. Ranar farko da ya buɗe baki yaran gidan suka kwashe da dariya, suka sa masa ɗan Gwanja. A makaranta haka, a layi haka. Uban ba ya son a tuna masa da auren da ya yi a can, saboda haka duk ranar da bakin ya zame masa sai mari. Ya daɗe ba ya magana sai dole, yana zaune a rumfar goro yana sauraron Kanawa, yana maimaitawa a zuciyarsa, har ya fi su iyawa. Uban ya ce masa uwar ta yi wani aure, ba ta nemansa. Da ya girma ya yi zargin ba haka ba ne, amma da wane ido zai je? Kunyar bana ta hau kan ta bara, har uban ya rasu, har ya zo Doha ya tarar da bakin uwarsa a ɗakin da ke kallon nasa, ana yi masa dariya kullum safiya.

Na ce, "Wasa muke yi, su ma suna ramawa, kai ma ka sani." Ya ce ya sani. Na ce, "Amma ka bar ni na tsaya maka a gaban Baffa. Ka bari aka yi wa mai rai addu'ar matattu." Ya ce, "Na bari." Bai kare kansa ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan, don na zo da shirin faɗa ban sami abokin yi ba. Tausayinsa ya kama ni, ba zan musa ba. Amma wani gefe na zuciyata yana cewa, wanda ya iya ɓoye uwarsa tsawon wannan zamani, me kuma ke ƙasa?

Babu komai a ƙasa. Gwaggon nan ta tona iya tonawarta ba ta sami ko tsinke ba. Na kira Baffa na zayyana masa komai, ya ce, "To ai wannan ba aibu ba ne, uwa ce ta ƙaru mana. Magana tana nan." Na ji an sauke mini kaya. Na miƙa wa direba waya suka gaisa da ƙanwata, ta ji sabuwar Hausarsa ta yi ta dariya, har tana kwaikwayonsa. Likitar magana ma da na gaya mata an sami uwar, ta ce ya riƙa hira da ita kullum da bakin da ya fi zo masa da sauƙi. Ya kuwa bi umarni, safe da yamma yana kan waya da Kumasi. Ina jin su daga saman gado ina murna, ban san abin da ke ƙulluwa ba.

Da aka gama gasar aka fara kwance shingaye, kamfani ya ce direban da ba ya iya riƙe sitiyari khalas, a ba shi tikitin gida. Direba ya dawo daga ofis ya zauna, ya ce mini da Kananci mai kyau wanda na san tun a hanya ya shirya shi, "Na ce su yanka mini na Akra."

Na ce, "Ziyara? Ya yi kyau, ka je ka gan ta sannan ka wuce Kano."

Ya ce ba ziyara ba ce. Tsohuwar ita kaɗai ce a ɗakin haya, idon da ya rage ma yana tafiya, kuma ta rantse ko a ka aka ɗauke ta ba za ta shiga garin da ya cinye mata ɗa ba. Shi kuma ba zai sake barin ta ba sai ranar da ɗayansu ya kwanta dama. Ya ce, "Ni ba zan iya faɗa wa ƙanwarka ba, kai ka faɗa mata. In za ta iya zuwa Kumasi ina nan a kan maganata. In ba za ta iya ba, ba zan riƙe ta ba."

Ya san ba za ta iya ba, ni ma na sani. Dangin mijinta sun bar mata yaran ne bisa sharaɗin tana Kano inda za su riƙa ganinsu, ranar da ta tsallaka iyaka ranar za su karɓe su. Na yi masa masifa har 'yan ɗakin da ke kallonmu suka leƙo. Na ce ya ci amana, na ce dama can shirunsa bai taɓa kwanta mini ba. Ya bar ni na gama tas, sannan ya ce, "Kai ka nemo mini ita. Allah ya saka maka da alheri." Kuma har zuciyarsa ya faɗa.

Har yau ina ganin abin da ya kamata yaya ya yi na yi, ko wa zai tambaye ni haka zan ce. Amma kiran nan na yi ta ɗaga shi, sai ranar da jirginsa ya tashi, bayan na idar da azahar, na daure na danna. Ta ɗauka tana kan keken ɗinki, ina jin ƙararsa, ta ce labulen ɗakin auren take ƙarasawa. Na ce ta tsayar da keken. Na faɗa mata komai, tun daga muryar da na tura Kumasi har zuwa tikitin Akra. Ita abin da ta sani a da kawai shi ne an sami mahaifiyarsa, ba ta san ta hannun wa ba.

Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Yaya, wa ya aike ka?"

Na ce, "Kamar yaya wa ya aike ni? In bar ki ki auri mutumin da ban san asalinsa ba? Da iyali aka tarar fa?"

Ta ce, "An tarar?"

Na ce a'a.

Ta ce, "Ni ban tambayi da wace Hausa zai ce mini sannu ba. Da ka bari an ɗaura, da duk ranar da aka nemo ta ni matarsa ce, da ni za a zauna a yi shawara. Yanzu an gama komai, an aiko ka ka gaya mini."

Na buɗe baki zan ce mata ita ma tsohuwar ai tana da haƙƙi, sai ta riga ni. Ta ce, "Na yi mata murna, Yaya, wallahi na yi mata. Ita ta sami nata."

Daga nan ta ce bari ta je, an kira salla. A Kano lokacin hantsi ne, babu sallar da ake kira.